Ranar da Na Gayyato Hukumar Kare Ma'aikata Shagona da Kaina

Ina da shagon kafinta a jihar Kaliforniya ta Amurka, a gefen birnin Sakramento. Kabad-kabad na kicin muke haɗawa, da ƙofofi da kantoci. Mu goma sha uku ne har da ni. Shekara shida ina riƙe da wurin, haraji ba ya wuce ni, albashi ba ya makara, inshorar ma'aikata kuwa tun ranar farko na yanke ta, domin a jihar nan ko mutum ɗaya ka ɗauka aiki wajibi ce a kanka. A ganina na sauke duk nauyin da ke wuyana.

Wata safiya a watan Mayun 2024, ɗan 'yar'uwata da ke koyon aiki a hannuna yana tura katako a injin zarto, sai haƙoran zarton suka cafki katakon suka cillo shi baya. Ta gefen haƙarƙarinsa ya wuce, ya daki ƙofar ƙarfen da ke bayansa da ƙarar da ta sa kowa ya saki abin da ke hannunsa. Har yau lotsawar tana nan a jikin ƙofar, tafin hannuna yana shiga cikinta. Yaron ya tsaya hannunsa na rawa, ya ce, "Kawu, Allah ne Ya tsare." Na ce tsautsayi ne, Allah Ya kiyaye gaba, kowa ya koma bakin aikinsa.

Babban kafintanmu dattijo ne, ɗan asalin Meziko, ya fi shekara talatin a sana'ar. Bai ce uffan ba. Da azahar sai ya shigo ofishina ɗauke da murfin kariyar zarton da ƙarfen nan da ke bayan haƙora mai hana katako matsewa, ya ajiye su a kan teburina ya fita. Ƙura ta lulluɓe su. Watanni ke nan da aka cire su don wani yanka da suke hanawa, ba a mayar ba, kuma ni na sani. Kullum ina wuce su a kan kanta. Daga wannan lokaci bakina ya kasa sake furta kalmar tsautsayi a kan abin da ya faru.

A makon ne na kira wakilin kamfanin inshorarmu na ba shi labari. Tambayarsa ta farko ita ce ko na rubuta binciken abin da ya faru kamar yadda IIPP ɗina ya tanada. Na ce mene ne shi. Ya ɗan yi shiru, sannan ya ce rubutaccen tsari ne na kare ma'aikata daga rauni da cuta, kuma kowane mai ɗaukar ma'aikata a Kaliforniya dole ya kasance yana da shi tun 1991.

Daren nan ban yi barcin kirki ba. Na buɗe kwamfuta na shiga shafin OSHA, hukumar tarayya da ke kula da lafiya da tsaron ma'aikata, wadda sunanta kaɗai na sani. Na kwashe kwana biyu ina karanta ƙa'idojinta ina neman wannan IIPP, ban same shi ba. Ashe ƙofar da ba tawa ba nake ƙwanƙwasawa. Dokar da ta kafa OSHA, wadda shugaba Nixon ya sa wa hannu a watan Disamban 1970, ta ba kowace jiha dama a sashe na 18 ta kafa tata hukumar ta riƙe wannan aiki da kanta, da sharaɗin kada kariyarta ta gaza ta tarayya. Tana iya fin ta, ba ta iya kasa ta. Jihohi 21 da yankin Fwato Riko sun karɓi wannan dama a kan kamfanoni masu zaman kansu da ma'aikatan gwamnati baki ɗaya. Wasu kuma, irin su Niyok da Niyu Jasi da Ilinoi, ma'aikatan gwamnatinsu kawai suke rufewa, 'yan kasuwa na hannun tarayya. A Tekzas ko Fulorida kuwa, mai shago irina da OSHA ta tarayya yake hulɗa kai tsaye. Kaliforniya ta karɓi nata tun 1973, hukumarta ita ce Cal/OSHA, ƙa'idojinta suna kundi na 8 na dokokin jihar, IIPP kuma shi ne sashe na 3203. Tarayya ba ta wajabta wa kowa irinsa ba, shi ya sa na yi ta lalube a banza.

Wannan bambanci ba na suna ba ne kawai. A dokar tarayya, idan ma'aikaci ya rasu a wurin aiki ana sanar da hukuma cikin awa 8, idan kuwa an kwantar da shi a asibiti ko ya rasa gaɓa ko ido, awa 24 ce. A Kaliforniya duk awa 8 ce, kuma wanda bai sanar ba tararsa ba ta kasa dala 5,000. Da katakon nan ya sami yaron, da ina can asibiti hankalina a tashe, ban ma san akwai agogon da ke tafiya a kaina ba.

Cikin karatun ne na ga cewa hukumar jihar, wato Cal/OSHA, tana da wani sashe na ba da shawara, dabam da sashen masu kama laifi. Kai ne za ka kira su, su zo su duba wurinka kyauta, ba sa rubuta laifi, ba sa cin tara. Sharaɗinsu guda ne: duk haɗari mai tsanani da suka gano, ka yarda za ka gyara cikin wa'adin da kuka tsayar, in ka ƙi suna iya miƙa maganar ga masu kama laifin. Na yi kwanaki ina juya abin a raina. Wani abokina mai garejin gyaran mota ya ce mini wa ya taɓa kai ƙarar kansa, in bar kaza cikin gashinta. Maiɗakina ce ta raba gardamar. Ta ce, "Maigida, yayarka ta ba ka amanar ɗanta. Da abin ya same shi, tarar hukuma ce za ta dame ka ko idonta?" Washegari na buga waya.

Matar da ta ɗauka ta tambaye ni irin sana'ar, yawan ma'aikata, injinan da muke da su, da ko muna fesa fenti. Ta ce ƙananan wurare masu haɗari su ake fara dubawa. Bayan 'yan makonni aka ba ni rana. Kafin ranar na mayar da murfin zarton, na sa an share ko'ina, sai dai na hana kaina ɓoye komai. Idan na kira likita na rufe ciwon, wa na cuta?

Jami'in ya iso da ƙarfe takwas na safe da 'yar jakarsa. Muka fara zama a ofis, ya bayyana mini iyakar aikinsa, ya nemi takardu. IIPP, babu. Rajistar raunuka, wato fom mai lamba 300, wanda duk mai ma'aikata sama da goma a irin sana'armu dole ya riƙe, babu. Takardun shaidar horar da ma'aikata, babu. Takardun bayanin sinadarai, irin waɗanda masu sayar da fenti da tina da gam suke bayarwa masu sashe 16, na sami guda huɗu a cikin durowa, alhali sinadaran da ke shagon sun haura ashirin. Bai ɗaga murya ba, bai girgiza kai ba. Rubutu kawai yake yi. Sannan ya ce yana so ɗaya daga cikin ma'aikata ya biyo mu zagaye, na kira dattijon.

Zagayen nan shi ne awa uku mafi nauyi da na yi a shagon. Wurin da nake shiga kullum ne, amma sai na ga kamar ban taɓa ganinsa ba. A gaban akwatin wutar lantarki mun jingine falankai, ya ce ana buƙatar fili na ƙafa uku a gabansa, don ranar da za a nemi kashe wuta da gaggawa ba ranar ɗauke katako ba ce. A wurin dutsen wasa kayan aiki ya zaro wani ɗan ma'auni daga aljihu ya zura tsakanin dutsen da ƙarfen da ake ɗora abin wasawa. Tazarar ba ta kamata ta wuce kashi ɗaya cikin takwas na inci ba. Tamu yatsa na shiga. Ya nuna mini da fensir yadda dutsen zai fizge shi zuwa ciki, kuma abin da ya yi wa fensir shi zai yi wa yatsa. Tukwanen kashe gobara ba wanda ke duba su duk wata. Tankin injin iskarmu ba shi da lasisi, ni kuwa ban taɓa jin cewa a jihar nan tanki irin wannan sai an zo an duba shi an ba da izinin amfani ba. Mai tuƙa motar ɗaga kaya gwani ne, amma ba takardar da ke nuna an horar da shi, balle sake gwada shi duk shekara uku.

Abin da ya fi tsaya mini a rai ya faru ne a gaban babban injin shafe katako. Jami'in ya juya ga dattijon ya tambaye shi da harshen Sifaniyanci abin da yake yi idan katako ya maƙale a ciki. Dattijon ya nuna: ya danna maɓallin kashewa, ya buɗe murfi, ya zura hannu har gwiwar hannu. Jami'in ya ce, to idan wani ya zo ta ɗaya gefen bai gan ka ba ya kunna fa? Dattijon ya ce, "Ina yi musu ihu kafin in sa hannu." A shagon da ƙarar injina ba ta barin ka ji mutumin da ke kusa da kai. Shekara shida hannun bawan Allah nan yana shiga cikin wuƙaƙe, abin da ke tsakaninsa da su ihu ne kawai. Sashe na 3314 ya tanadi cewa kafin a gyara inji ko a share shi ko a cire abin da ya maƙale, a yanke wutarsa daga tushe, a sa kwado a makunnin, mabuɗin kuma yana aljihun mai hannu a ciki. Kwado. Abin da ban taɓa rasa kuɗinsa ba.

Kafin ya tafi ya maƙala wa mutum uku wasu ƙananan na'urori a kafaɗa don auna ƙarar da kunnensu ke sha a yini. Ƙa'idar ita ce idan matsakaicin ƙarar awa takwas ya kai desibel 85, dole a kafa tsarin kare ji: abin toshe kunne, horo, da gwajin ji duk shekara. Biyu daga cikin ukun sun haura.

Rahoton ya iso a rubuce bayan 'yan makonni, kowane haɗari da lambar sashen doka da ya shafe shi da ranar da za a gama gyara shi. Gyaran ƙarfe da katako bai ba ni wuya ba, ai sana'armu ce. Mun sa wa zarton murfi mai ratayowa daga sama wanda ba sai an cire shi ba a yawancin yanka, muka yanka sandunan tura katako muka rataye a jikin kowane inji. Na sayo kwado goma sha uku, kowa da nasa da sunansa. Muka kafa wurin wanke ido kusa da ɗakin fenti, inda mutum zai kai cikin daƙiƙa 10 ko da idonsa a rufe.

Takunkumin masu fenti ya ɗan ja mu. Ashe ba a miƙa wa mutum takunkumin tace iska haka kawai. Sai likita ya tabbatar ƙirjinsa zai ɗauka, sannan a gwada ko ya zauna daram a fuskarsa, kuma a maimaita gwajin duk shekara. Mai fentinmu yana da gemu, gemu kuwa yana hana bakin takunkumi kama fata, tururin tina ya riƙa shiga ta gefe. Ya ce shi ba zai aske ba, ni ma ban ga dalilin tilasta masa ba. Jami'in ya nuna mana wani iri mai kamar hula da ke rufe kai duka, da ɗan inji a ƙugu yana turo tatacciyar iska. Ya fi tsada nesa ba kusa ba. Shi na saya.

Rubuta IIPP ɗin shi ya fi cin lokaci, kuma a nan na kusa yin kuskure na biyu. Hukumar tana da samfuri a shafinta, cike gurbi kawai za ka yi. Na cike shi a dare ɗaya na aika wa jami'in. Ya kira ni ya ce takardar ta yi kyau, amma idan sufeto ya zo ba takarda kaɗai zai duba ba, zai ja ma'aikaci gefe ya tambaye shi wa yake gaya wa idan ya ga haɗari, yaushe aka duba injinsa, me aka koya masa. In amsar ma'aikaci ta saɓa wa takarda, takardar ce za ta zama shaida a kaina. Sai na ajiye ta. Muka riƙa zama da ma'aikata rabin awa kowace Litinin, inji ɗaya a kowane zama. Mai aiki da injin shi ke faɗin yadda yake cutarwa, ni ina rubutu, wani matashi a cikinsu yana fassarawa tsakanin Turanci da Sifaniyanci, domin doka ta ce a sanar da ma'aikaci ta hanyar da zai fahimta, kuma rabin mutanena Turancinsu na gaisuwa ne. A waɗannan zaman na ji abubuwan da ba jami'in da zai gano su a yini ɗaya: wayar da ke ba da shokin idan an yi ruwa, tsanin da ƙafarsa ɗaya ta lanƙwashe, da cewa ranar Juma'a idan ina gaggawar fitar da kaya, ni da bakina nake cewa a bar shara sai an gama. Wannan na ƙarshen ɗan 'yar'uwata ne ya faɗe shi, kansa a sunkuye. Na rubuta shi kamar yadda ya faɗa.

Tsarin ya ƙunshi sunan wanda alhakin ke kansa, wato ni, da yadda ake duba wuri lokaci-lokaci, da yadda ake binciken haɗari, da yadda ake gyara, da horo, da ajiye shaidar duk wannan. Kowane ma'aikaci yana da haƙƙin ya nemi kwafi a ba shi cikin kwanakin aiki biyar. Na ƙara da layi guda da manyan baƙaƙe cewa ba za a kori kowa ko a rage masa awa don ya kai ƙorafi ba, ko wurina ko wurin hukuma. Doka ce ta hana hakan, amma na lura sai da suka gan shi da sa hannuna bakinsu ya buɗe.

Muna cikin wannan sai ga sababbin dokoki biyu na jiha sun sauka a wata ɗaya. Daga 1 ga Yulin 2024 aka wajabta rubutaccen tsarin kare ma'aikata daga tashin hankali da farmaki a wurin aiki. Ranar 23 ga watan kuma ƙa'idar zafi a cikin gini ta fara aiki. Ta masu aiki a fili ta daɗe, tun 2005, amma mu na cikin rumfar kwano ba ta rufe mu ba. Yanzu idan zafin ciki ya kai digiri 82 a ma'aunin Faranhait, kusan 28 ke nan a Salshiyas, dole a samar da ruwan sha mai sanyi da wurin hucewa da bai kai wannan zafin ba. In ya kai 87, sai an riƙa aunawa ana rubutawa, a kuma ɗauki matakin rage shi. Sabon ma'aikaci ana sa masa ido kwana 14 na farko kafin jikinsa ya saba. Wanda ya san bazarar Sakramento ya san 87 a ƙarƙashin kwano ba ta jiran azahar. Muka mayar da fara aiki ƙarfe shida na safe, na sa na'urar sanyaya ɗaki a wurin hutu, muka kafa manyan fankoki. Babu wanda ya aiko mini da wasiƙar sanarwa a kan ko ɗaya daga cikin dokokin nan. Jami'in ne ya faɗa mini, daga nan na sa wa kaina duba shafin hukumar farkon kowane wata.

A watan Oktoba na aika da hotuna da rasitai na gyara na ƙarshe, aka rufe fayil ɗina. Wannan ba ya hana sufeton kama laifi zuwa. Yana iya zuwa ba sanarwa, laifi mai tsanani ɗaya tararsa tana kaiwa dala 25,000, kuma kwanakin aiki 15 kawai gare ka ka ɗaukaka ƙara. Sai dai yanzu idan ya zo na san abin da zan miƙa masa, mutanena ma sun san abin da za su ce, don shi suke yi.

Kafin shekara ta ƙare wani ya yanke a tafin hannu da kurfi, aka yi masa ɗinki huɗu. A da, da sai dai in kai shi asibiti in ce Allah Ya sawwaƙe. Wannan karon na ba shi fom ɗin neman diyya, DWC-1, kafin ranar aiki ɗaya ta cika, na aika wa inshora rahoton raunin, fom 5020, cikin kwana biyar, na shigar da shi rajista, muka zauna muka gano cewa maƙalar da ke riƙe katakon ce ta saki. Ranar 1 ga Fabrairun 2025 na liƙa taƙaitaccen lissafin shekara, fom 300A, a bangon wurin hutu, inda zai zauna har 30 ga Afrilu. Rauni ɗaya ne a ciki.

Gwajin ji kuwa, mota ce ta zo da ɗan ɗaki a bayanta, kowa ya shiga ya sa abin saurare a kunne, yana danna maɓalli idan ya ji sauti. Na matasan ya fito lafiya. Na dattijon ya nuna kunnensa na hagu ya riga ya rasa siraran sautuka, irin rashin da ba ya dawowa. Mai gwajin ta ce aikin shekaru ne masu yawa, ba na shago ɗaya ba. Haka ne, amma shida daga cikin shekarun nan a shagona ya yi su, a gaban injin da na saya, ba tare da na taɓa miƙa masa abin toshe kunne ba. Na tura shi wurin likitan kunne ta hanyar inshorarmu, na kuma gaya masa da bakina cewa ina da kaso a cikin abin da ya same shi. Ya dafa kafaɗata ya ce shi ya ɗauka tsufa ne. Yanzu yana sa abin ƙara ji idan ya tashi daga aiki, a shago kuma ya sa na toshewa. Idan zan yi masa magana, nakan zagaya ta damansa.